Mai shaida ya yi amai ya lashe: wacce maganar za a kama?

Ɗan Kurmi: Ni fa a wajena shari'ar Manjo Hamza Al-Mustapha, tsohon babban dogarin Janar Sani Abacha, kan kisan Kudirat Abiola ba ta da wani ruɗani. Shaidun gwamnati da bakinsu suka janye abin da suka faɗa. Tunda sun janye, maganarsu ta farko ƙarya ce tsagwaronta. A wuce wajen.

Malamar Gwale: Saurin me kake, ƙanena? Bari mu tuna wa yara. An harbe Kudirat, matar Cif MKO Abiola, a Legas ranar 4 ga Yuni, 1996. Sajan Barnabas Jabila, wato Rogers, ya gaya wa kotu shi ya yi harbin bisa umarnin Manjo, wani shaidan kuma, Katako, ya ce shi ya tuƙa motar. Da lauyoyin kariya suka titsiye su, sai suka ce hukuma ce ta kitsa musu zancen da alkawura. To mutumin da ya yarda an taɓa sayen bakinsa, me ya sa maganarsa ta biyu ta zama wankakkiya?

Ɗan Kurmi: Yaya, ai kotun ɗaukaka ƙara ta wanke Manjo a Yulin 2013. Ina cikin waɗanda suka fita tarbarsa a nan Kano, titi ba masaka tsinke.

Lauyan unguwa: Ku biyun kowa ya riƙe rabi. Babbar kotun Legas ta yanke wa Manjo hukuncin rataya ranar 30 ga Janairu, 2012, bisa maganar shaidun ta farko. Kotun sama ta soke, ta sallame shi tare da Lateef Shofolahan, wanda aka tuhume su tare. Amma ba zaɓa ta yi tsakanin magana biyun ba. Mai shaida in ya yi tufka da warwara a kan ginshiƙin ƙara, ba a dogara da shi gaba ɗaya. Nauyin hujja na wuyan mai gabatar da ƙara, kokwanto kuma ribar wanda ake tuhuma ce. Ba a rataye mutum da "wataƙila".

Baba na Fagge: Allah ya yi maka albarka, yaro. Mu da muka saba zama a kotun Ƙofar Kudu mun san wannan. Kafin alƙali ya karɓi shaida sai an yi tazkiyya, a san adili ne, sannan a yi i'izari, a tambayi wanda ake ƙara ko yana da suka. Wanda ya ce shi ya ja kunamar bindiga, ina adalcinsa yake tun farko?

Malamar Gwale: Baba, Allah ya ƙara girma, ban ja da kai ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, a shayi da majalisa kowa ya zama alƙali, alhali yawancinmu guntayen rediyo muka ji. Kuma mace ce aka kashe da rana tsaka, 'ya'yanta na nan.

Ɗan Kurmi: Shi kuma shekara 14 da ya kwashe a tsare fa? Wa zai biya shi?

Lauyan unguwa: Wannan tambayar a kai ta ga waɗanda suka shiga kotu da shaidu irin waɗannan. Su suka cuce shi, su suka cuci iyalan marigayiyar.

Ɗan Kurmi: Barista, ka dai zagaya ka dawo kan maganata.

Malamar Gwale: Bai dawo ba wallahi. Koma sama ka sake karantawa.