Neman kalmar Hausa: me za mu kira aikin da mai mota ke yi wa motarsa da hannunsa a gida?

Mai gabatar da shiri, Rikkos

Assalamu alaikum, iyayena da malamaina. Ina neman taimakonku a kan wata kalma, kuma lokaci ya ƙure mini, domin ranar Alhamis da safe za mu naɗi shirin, a sa shi ranar Asabar. An ba ni sabon fili na minti 15 a rediyo a kan ayyukan da mai mota zai iya yi wa motarsa a ƙofar gida ba tare da ya je gareji ba, kamar duba baƙin mai da ruwan lagireto, da auna iskar taya, da wanke kan batir, da canza fulogi. Takardar da aka ba ni da Turanci take, kuma daga farkonta har ƙarshe haruffa uku ake ta maimaitawa, DIY, wato mutum ya yi abin da kansa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 masu motoci suke neman duk hanyar da za su rage kashe kuɗi, shi ya sa aka ga filin zai karɓu. Abin da nake bukata shi ne suna tsayayye, wanda zan iya cewa wannan aiki na kaza ne, wancan kuwa ba na kaza ba ne. "Gyaran gida" ba zai yi ba, saboda duk wanda ya ji zai zaci siminti da fenti ake nufi.

Mai fassara, Bukuru

Wa alaikumus salam, Malama. Ba sai an je da nisa ba, ki ce "yi-da-kanka", ki sa karan ɗori a tsakani domin ya zama kalma guda. Hausa ta saba ɗaukar jimla ta mayar da ita suna: dafa-duka abinci ne, hana-salla hula ce, faɗi-ka-mutu tangaran ne, a-kori-kura kuwa mota ce, kuma babu wanda yake tsayawa ya warware su kafin ya gane. Da wannan za ki iya cewa duba baƙin mai aikin yi-da-kanka ne, sauke giya kuwa ba na yi-da-kanka ba ne. Gobe idan aka ba ki fili a kan famfo ko janareto, kalmar za ta bi ki can ba tare da an sake zama a kanta ba.

Ɗalibar nazarin harshe, Jami'ar Jos

Ginin kalmar ya yi mini, amma "kanka" namiji yake kira, ga shi mai gabatar da shirin mace ce, kuma mata masu tuƙi suna cikin waɗanda filin zai fi amfana. Me zai hana a ce "yi-da-kai", a bi sawun sa-kai da dogaro da kai, waɗanda ba ruwansu da jinsi?

Mai fassara, Bukuru

Ƙanwata, a rubuce "yi da kai" gulma ce. Wanda ya ga "ana yi da kai ranar Asabar" a saƙon waya zai zaci zama aka shirya a ci namansa. Na san a baki sautin ya raba su, amma sunan shiri ana rubuta shi kamar yadda ake faɗarsa. Batun jinsi kuwa, idan Bahaushe ya ce gyara kayanka, ban taɓa jin mace ta ce ba da ita ake ba.

Malamin Hausa mai ritaya, Gangare

Na karanta abin da kuka rubuta, kuma abin da ya fi damuna ba kalmar da ake nema ba ce, jerin kalmomin da 'yata ta kawo ne a tambayarta: lagireto, taya, batir, fulogi, gareji. A cikin jimla guda an tara kalmomin aro biyar, sa'an nan ana so a ɗora musu "yi-da-kanka", wanda shi ma Turanci ne aka fassara kalma bayan kalma. Magabatanmu da suka ga abin da ke tafiya a kan dogo ba su ari sunansa ba, sai suka ɗauki jirgi na ruwa suka ce jirgin ƙasa, da na sama ya zo suka ce jirgin sama, kuma har yau kalmomin nan suna aiki. Muna da gyartai, mai ɗinke fasasshiyar ƙwarya ya mayar da ita cikin amfani maimakon a jefar. Daga nan nake ba da shawarar "gyartanci", wato tattalin abin da ka mallaka ta hanyar gyara shi da hannunka. Fulogi kuma a ce masa "ƙyastun inji", tunda aikinsa ke nan, ya ƙyasta wuta a cikin silinda fetur ya kama. Rediyo makaranta ce, abin da aka maimaita a cikinta mako huɗu sai ka ji shi a bakin yara.

Bakanike, Farin Gada

Allah ya gafarta Malam, ni ba masanin harshe ba ne, amma motocin da aka taɓa a gida wurinmu suke ƙarewa, saboda haka ina da magana. Kowace kalma za ku zaɓa, ina roƙo kada "gyara" ko wani ɗan'uwansa ya shiga cikinta, domin da zarar mutum ya ji an ce zai iya gyara a gida, sai ya ɗauki sifana ya nufi inda bai kamata ba. A wurinmu aiki kashi uku ne. Akwai dubawa, akwai juye, wato canjin baƙin mai, da canjin ƙananan kaya, akwai gyara. Dubawa ta kowa ce: ka ajiye mota a wuri mai daidai, ka kashe inji ya huta na 'yan mintoci, ka zaro gejin baƙin mai ka goge, ka mayar ka sake zarowa, ka ga man yana tsakanin alamomin nan biyu. Iskar taya a auna ta da safe kafin a yi tafiya, kuma adadin da ake so yana rubuce a jikin ƙofar direba, ba wanda mai faci ya ga dama ba. Kan batir idan ya yi farin gari, a fara kwance wayar da ke da alamar ragi, ita ce kuma ta ƙarshe wajen ɗaurawa.

Daga nan abin ya fara nauyi. An taɓa kawo mini wata mota da mai ita ya canza fulogi da kansa, ya sa sifana tun daga farko maimakon ya fara murzawa da yatsu, fulogin ya shiga a karkace ya cinye zaren ramin, ga kan injin na alminiyon ne mai laushi. Aikin minti goma ya koma na sauke kan silinda. Wani kuma ya ga man birki ya yi ƙasa ya cika da baƙin mai, robobin ciki suka kumbura, sai da aka canza su duka aka wanke layin. Man birki nasa daban ne, a murfin an rubuta DOT 3 ko DOT 4, kuma yana shan danshi, shi ya sa ake so a canza shi kamar duk shekara biyu. Duk wanda ya san gangaren Hawan Kibo a hanyar Akwanga ya san abin da nake tsoro, domin a irin wannan gangara ne man da ya sha ruwa yake tafasa, ka taka birki ka ji ƙafarka ta nutse. Game da gyartai kuwa, Malam, da girmamawa nake cewa mun yi shekaru a ƙarƙashin oga kafin a yaye mu, kuma inji ba ƙwarya ba ne. Ƙyastu ma, idan yarona ya je kasuwar kayan mota ta Dilimi ya ce a ba shi ƙyastu huɗu na Corolla, hannu rabbana zai dawo.

Malamin Hausa mai ritaya, Gangare

Ba raina sana'arka nake yi ba, ɗana, amma 'yan kasuwar Dilimi ba su ne ma'aunin Hausa ba. A garin nan na Jos ne za ka ji an ce "mota na ya lalace" ba tare da kunya ba, an mayar da mota namiji, an jefar da ɗafa-ƙeyar mallaka. Idan rediyo ta ce za ta bi bakin kasuwa, wa ya rage da zai riƙe daidaitacciyar Hausa, wadda aka gina a kan karin Kano, aka yi ta wahalar tsara rubutunta a Zariya tun zamanin da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939?

Direba, tashar Bauchi Road

Ranka ya daɗe, wannan magana ta taɓa mu. Kakanninmu suna garin nan tun zamanin haƙar kuza, kuma Hausar da muke yi ita ce take haɗa mu da Berom da Afizere da Anaguta da Ngas a tasha da kasuwa, su ma kuma suna da motoci, suna sauraron wannan rediyo. Na yi lodin Kano ba adadi, kuma a garejin Kano ma fulogi ake cewa, da kuloci da salansa da shokazoba. Tun da aka fara haɗa Fijo a Kaduna a 1975, bakanike na Sakkwato da na Jos da kalmomi iri ɗaya suke kiran kayan 504. Ita kanta mota da Malam yake kare mata jinsi, daga ina ta zo? Littafi da alƙalami da ya koyar da mu da su ma aro ne, sai dai daga Larabci, shi ya sa ba a yi musu gori.

Ɗalibar nazarin harshe, Jami'ar Jos

Baba, ƙyastun inji ya burge ni a matsayin bayani, kuma zai taimaki wanda bai taɓa buɗe bonet ba ya gane aikin fulogi. Matsalata da gyartanci ta nahawu ce. Idan aka ɗora ɗafa-ƙeyar "-nci" a kan sunan mai sana'a, sana'ar take bayarwa, kamar dukanci da wanzanci da kanikanci, saboda haka gyartanci zai nufi sana'ar gyartai, shi kuwa gyartai ƙwaryar wasu yake ɗinkewa a biya shi. Abin da Malama take nema kishiyar wannan ne, wato aikin da mai abu ya yi domin kada ya biya kowa. Jirgin ƙasa ya karɓu ne saboda an raɗa shi tun abin yana sabo, fulogi kuwa ya riga ya zauna a bakin masu sayarwa da masu saye.

Malamin Hausa mai ritaya, Gangare

Kalma tana faɗaɗa ma'ana, 'yata, in ba haka ba da waya tana nan a matsayin zaren ƙarfe. Kuma har yanzu babu wanda ya amsa mini dalilin da ya sa idan Bature ya haɗa kalmomi uku, mu ma sai mun haɗa uku a jere irin nasa.

Mai fassara, Bukuru

Malam, "ka yi da kanka" magana ce da uwa take faɗa wa ɗanta a gidajen da ba a taɓa jin Turanci ba. Dacewa ta yi da ta Turawa, kuma dacewa ba aro ba ce.

Mai gabatar da shiri, Rikkos

Na gode muku duka, kuma dole in tsaya haka domin a buga rubutun gobe. Maganar Oga bakanike ce ta canza mini tsarin filin gaba ɗaya, ba sunansa kaɗai ba. Sunan filin zai zama "Duba da Kanka", babu gyara a ciki. Idan na zo fassara haruffan nan uku a cikin bayani zan ce aikin yi-da-kanka, in kuma raba shi da aikin gareji, birki da sitiyari da duk abin da sai an shiga ƙarƙashin mota suna ɓangaren gareji, tunda jak kaɗai ba abin dogaro ba ne. Shirin farko a kan lagireto zai kasance: kada a buɗe murfinsa inji yana da zafi, da dalilin da ya sa ruwan rijiya yake kawo tsatsa, da kuma gargaɗin cewa ruwan lagireto mai launi guba ne mai ɗanɗanon zaƙi, a ɓoye shi daga yara. Baba, fulogi zan ce, amma ranar da muka zo kansa zan bayyana shi da cewa shi ne ƙyastun inji. Batun "kanka" da "kanki" ban warware shi ba, zan riƙa buɗewa da "ku duba da kanku" in ga abin da masu kiran waya za su ce.

Malamin Hausa mai ritaya, Gangare

"Duba da Kanka" Hausa ce, ba zan musa ba, ko da yake suna ne na fili, ba kalmar da aka fito nema ba. Yi-da-kanka kuwa ban karɓe shi ba, kuma zan ci gaba da rubuta gyartanci a inda nake da iko. Abu ɗaya nake roƙo, idan kin ambaci ƙyastun inji ki furta ƙ ɗin sosai, kada ya fito da lafazin tasha.

Bakanike, Farin Gada

Hajiya, sunan ya yi. Ki ƙara a shiri na biyu cewa a gefen kowace taya akwai lambobi huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 tana nufin mako na 23 a 2019, domin masu sayen taya ta hannu zanen kawai suke dubawa. Juye kuma ban ga inda kika sa shi ba. Ni a ganina ya tsaya a ɓangaren gareji, sai dai ga wanda yake da wurin tara tsohon man, domin mutane a kwata suke zubar da shi. Idan kina so in zo ranar Alhamis da geji da tsohon fulogi a nuna wa ma'aikatanku kafin a fara naɗi, ki sanar da ni yau, saboda akwai injin da zan sauke da safe.