Yara uku a ɗaki ɗaya ga hunturu ya kama, ya kuke yi da naku?

Maman Ilham, Kano

Assalamu alaikum iyaye. Yarana uku: Ilham shekara 5, Sadiq shekara 3, sai na goye ɗan wata 7. Da kaka ban san ina da yara ba. A watan Oktoba mun je garinsu babansu ta wajen Dawakin Tofa, kwana tara muka yi, ko sau ɗaya ba wanda ya yi kukan waya. Da safe a gasa musu tumu, su bi kakarsu wajen ɓarar gyaɗa, rabi a ƙwarya rabi a baki, da yamma su dawo buɗu-buɗu, kafin isha'i sun ɓingire. Muka dawo da buhun gero da kabewa huɗu, har yanzu miyar taushe muke sha.

To yanzu sanyi ya sauka. Ƙarfe tara ma rana ba ta gama fitowa daga hazo ba, ƙura kuwa ko ka share ɗaki sau uku sai ka rubuta sunanka a kan tebur. Sadiq yana tari, leɓen Ilham ya tsage, ga makaranta an yi hutu. Na hana su fita tsakar gida sai sha ɗaya, shi ke nan suka koma kan wayata, in na karɓe a yi ta kuka har jaririn ya tashi. Me kuke ba naku su yi a irin wannan lokaci?

Sannan Hajiyarmu, mahaifiyar maigida, ta aiko mana da kurfoti, ta ce mu riƙa shiga da garwashi ɗaki da dare saboda jaririn, kuma a daina yi musu wankan safe. Maigida ya ce a bi maganarta. Ni dai hankalina bai kwanta da garwashin nan ba, amma ba na so a ce na raina ta.

Goggon Yara, Katsina

Wa alaikumus salam 'yata. Kin ba kanki amsa ba ki sani ba. A ƙauye ba wasa ya riƙe su ba, aiki ne a hannunsu. Yaro in ya ga abin da yake yi za a ci, ba ya gajiya da shi. Shimfiɗa tabarma a ɗaki, ki zuba wa Ilham wake a faranti ta tsince, shi kuma ƙaramin ki ba shi gyaɗa mai ɓawo da ƙoƙo. Zai ɓata wuri, to sai me? Tsintsiya ma aiki ce, ki miƙa masa. Jikokina in suka zo hutu haka nake yi da su, ranar da muke yin kantu kuwa su ne masu tsince riɗi, suna tsaye a kaina har ya daskare.

Da dare in an ɗauke wuta kada ki yi tsaki, lokacin tatsuniya ne. Ki ce ga ta nan ga ta nanku, ki ga yadda za su matso. Ko kin manta ƙarshen labarin Gizo da Ƙoƙi ki ƙirƙira, ba wanda zai kai ki ƙara. Ni tatsuniya ɗaya na yi wa jikata dare goma sha ɗaya a jere, in na canza kalma ɗaya sai ta gyara mini.

Wanka kuwa Hajiyarki ta yi gaskiya rabi. Ba dainawa za a yi ba, a mayar da shi bayan azahar da ruwan ɗumi, a cikin ɗaki inda iska ba ta kaɗawa. Tun jikin da sauran laima ki murza musu man kaɗe, ki bi leɓe da diddige, shi ke hana kaushi da faso. Da safe goge fuska da ɗumamen tuwo ko kunun gyaɗa mai zafi ya wadatar.

Anti Nas, Zariya

Maman Ilham, maganar garwashi ce ta sa na tsaya rubutu. Don Allah kada ki kwana da shi a ɗaki a rufe. Gawayi in yana ci yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, ko da ya daina hayaƙi ya zama jajir. Mutum yana barci take shiga jininsa ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke buƙata. Babba zai iya farkawa da ciwon kai da jiri da amai, jariri kuwa ba shi da bakin faɗa. Ga kuma haɗarin gobara, bargo ya zamo ya taɓa wuta ana barci. Iyayenmu da suka yi haka a da, yawanci ɗakunansu na ciyawa ne ko na azara, ƙofa da asabari, iska na ratsawa. Ɗakin siminti mai tagar gilas da labule ba haka yake ba.

Jaririn ki sa masa kaya biyu ko uku marasa nauyi da safa, ya fi bargo mai kauri da zai iya rufe masa fuska. Tarin Sadiq kuma ki lura da numfashinsa yana kwance shiru: ɗan shekara 1 zuwa 5 in ya kai 40 a minti ɗaya, ko ɗan wata 2 zuwa 11 ya kai 50, ko kika ga ƙasan ƙirji yana lotsawa in ya ja numfashi, asibiti za a tafi, ba kantin magani ba. Sadiq zai iya shan zuma da ruwan ɗumi, amma na goyen kada a ba shi sai ya cika shekara.

Baban Khalifa, Jos

Mutanen Kano ku ma har kukan sanyi kuke? Ku zo nan a Janairu ku ga yadda ruwan alwala ke cizo. Ni abin da zan ce, a daina barin wa uwa ita kaɗai. Ina dawowa daga kasuwa bayan la'asar, nake hura wuta a tsakar gida, mu binne dankali a toka ni da yarana biyu, su fere rake ya gagare su in fere musu. Awa ɗaya ce, amma uwarsu tana samun ta yi wanka ta yi salla a natse. Kurfotin Hajiya ga aikinsa nan, a waje. Ki tura maigidan Ƙofar Wambai ya zaɓo musu rigunan sanyi na gwanjo, sai dai a kula, masu santsin nan kamar leda ba sa shiri da wuta. Khalifa ya taɓa ƙona hannun tasa, Allah ya tsare fatar.

Maman Zahra, Manchesta

Ina karantawa ina kewar gida. Nan a Disamba kafin ƙarfe huɗu an yi magariba, ga ruwan sama, ba tsakar gida ba maƙwabciyar da za ki miƙa wa yaro. Ku da rana ke fito muku da sha ɗaya, ku sake su su sha ta. Goggo, dabarar wake ta yi, gobe zan gwada.

Maman Ilham, Kano

Na gode ƙwarai, Allah ya raya mana su. Anti, na ƙirga numfashin Sadiq yana barci, 28 ne, alhamdu lillahi. Na karanta wa maigida abin da kika rubuta, ya yi shiru, sai ya ce shi zai yi wa Hajiya bayani da kansa. Jiya ya kira ta ya ce kurfotinta ya yi amfani, a kansa muke gasa wa jikokinta dankali a tsakar gida. Ta ji daɗi har ta ce za ta aiko da buhun gawayi. Goggo, waken da Ilham ta tsince sai da na sake tsincewa, Sadiq kuma ya cinye gyaɗar da zan yi kunu da ita. Yau da asuba ya tashe ni wai Gizo ya fito daga rijiyar ko yana ciki?