Ajin Faransanci na manya: yaya za a mori wayar ɗalibai ba tare da data ta cinye su ba?

Malam Kabiru Fagge

Assalamu alaikum malamai. Aji ne na yamma, mutum 18, yawancinsu 'yan kasuwa masu shiga Maraɗi da Kwatano. Ana haɗuwa Asabar da Lahadi, awa bibbiyu. Matsalar ita ce abin da aka koya ranar Lahadi, kafin wata Asabar ta zagayo rabinsa ya bi ruwa. Kowa na da wayar Android, amma ƙanana ne, kuma ba kowa ke sa data kullum ba. Wasu sun ce a ɗora su a kan Duolingo, manhajar koyon harsuna, kawai a huta. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan abin: me ya kamata waya ta riƙa yi musu daga Litinin zuwa Juma'a, kuma ta yaya zan tsara shi?

Malama Hadiza Bichi

Wa alaikumus salam Malam. Duolingo ba zai warware maka wannan ba. Ba shi da darasin Faransanci ga mai jin Hausa, dole ɗalibi ya bi ta Turanci ko Larabci, kuma jerin darussansa ba ya tafiya da abin da ka koyar ranar Lahadi. Wanda yake so ya yi a matsayin ƙari, ba laifi.

Maganin mantuwa shi ne bita mai tazara: a tambayi mutum kalma gab da lokacin da zai manta ta, in ya tuna a ƙara nisan ranar da za a sake tambayarsa, in ya kasa a dawo da ita kusa. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mafi yawan mantuwa a farko-farko take faruwa. Manhajar da ke yin wannan lissafi ita ce Anki, mai aiki da katuna, tambaya a gaba amsa a baya. Ta Android sunanta AnkiDroid, kyauta ce, kuma da zarar an sauke ta ba ta buƙatar intanet. Ta iPhone ce ake saye.

Kai za ka haɗa katunan a kwamfuta, kamar 40 zuwa 50 a mako, daga darasin da ka koyar. Kada kati ya zama kalma tsura. A gaba ka sa gajeriyar jimla da giɓi, misali "Je voudrais ___ de riz", da Hausarta a ƙasa. A baya amsar "un sac" tare da muryarka kana karanta jimlar gaba ɗaya. Kowane suna ya zo da le ko la ɗinsa. Bahaushe ya saba da jinsi a harshensa, shi ya sa yake ɗora na Hausa a kan Faransanci: rana mace ce a wurinmu amma le soleil ne, wata namiji ne amma la lune ce. In suna ya fara da wasali, ka sa un ko une, domin l' yana ɓoye jinsin.

In ka gama, ka fitar da tarin katunan a matsayin fayil mai ƙarewa da .apkg, ka tabbata ka zaɓi a haɗa da sauti, ka tura wa mutum biyu ko uku, su raba wa sauran ta Xender ko Bluetooth a aji.

Inda ake faɗawa rami: manhajar tana zuwa a saite kan sabbin katuna 20 a rana. Littafin jagorar Anki da kansa ya ce wanda ya ɗore a haka bitarsa za ta kai wajen katuna 200 a rana. Ɗan kasuwa ya yi kwana huɗu a hanya, ya buɗe ya tarar da ɗaruruwa suna jiransa, shi ke nan ya goge manhajar. Ka zauna da kowa ka mayar da adadin 7 ko 8, kimanin minti goma a rana ke nan. Wanda bashin bita ya taru masa, ya mayar da sabbin katuna sifili har sai ya biya. Sannan ka gaya musu su faɗi amsar da baki kafin su juya katin. Mai juyawa ya ce "ai na sani" yana yaudarar lissafin ne, manhajar za ta jefa kalmar nesa alhali bai riƙe ta ba.

Malam Issoufou Damagaram

Abin da Malama ta faɗa haka yake, sai dai kati ba ya buɗe kunne. Mutanenka za su tsaya gaban ma'aikacin kwastan ko mai shago, kuma ba zai yi magana da saurin aji ba.

Ka bar bidiyo tukuna, shi ke cin data. Sauti na MP3 a kan 64 kbps bai kai rabin MB ba a minti ɗaya, ke nan fayil biyar na minti biyu-biyu, aikin mako guda, bai wuce MB 5 ba. Ga masu farawa, matakin A1 a ma'aunin harsuna na Turai mai hawa shida daga A1 zuwa C2, sashen Première classe na shafin koyon Faransanci na TV5Monde ya dace. Labaran minti goma na RFI, Journal en français facile, yana zuwa da rubutunsa, amma kada sunan ya ruɗe ka, sai wanda ya kusa B1 yake cin moriyarsa. In ka ba ɗan A1 minti goman nan gaba ɗaya, zuciyarsa za ta karaya. Ka yanko daƙiƙa 40 zuwa 60 kawai da Audacity, manhajar gyaran sauti. In za ka rage sauri, ka yi amfani da Change Tempo na cikinta, ka rage kashi 15 cikin ɗari. Change Speed yana sauya kaurin murya, wasula su lalace.

Kowane fayil a saurare shi sau uku, kowanne da aikinsa. Na farko babu rubutu, da tambaya ɗaya tak: wa ke magana, a kan me? Na biyu da tambayoyi uku masu neman adadi, wuri ko lokaci. Na uku ne ake buɗe rubutun, ɗalibi ya ja layi a ƙarƙashin inda kunnensa ya ɓace. Kusan kullum za ka tarar kalmomin da ya sani ne, haɗewarsu ce ta ɓatar da shi: les amis da z a tsakiya, je ne sais pas da ke fitowa kamar "shepa". VLC na Android, manhajar kunna sauti da bidiyo, yana da maimaicin A-B, a kafa shi a kan jimla ɗaya ta yi ta zagayawa har baki ya iya binta.

Tun da 'yan kasuwa ne, ka ba lambobi fayil nasu na daban kowane mako. Ka karanta farashi 15, su rubuta da alƙaluma. Daga 70 zuwa 99 ne ake zubewa: soixante-douze 72 ne, quatre-vingt-douze 92, mai gaggawa ya ji soixante ya riga ya rubuta 6. Kuma ka tuna a kasuwannin Nijar da Hausa dala ake ƙirgawa, dala ɗaya sefa biyar. Wanda ya ji cinq cents ya san 500 ne a rubuce, dala ɗari a baki. Ka sa su riƙa ba da amsar ta fuska biyun.

Malam Auwal Tudun Wada

Ina da ja kaɗan a kan rage sauri, Malam Issoufou. Ya yi a mako biyu ko uku na farko, amma ko da yaushe a tura na ainihin saurin tare da shi, kuma sauraren ƙarshe ya kasance da na ainihin. In ba haka ba kunne zai saba da Faransancin da babu mai yin sa.

Magana kuma WhatsApp ya isa. Zaure biyu za ka buɗe. Na farko kai kaɗai ke iya turawa, nan fayiloli suke zama. Na biyu na amsoshi. In ka haɗa su wuri ɗaya, gaisuwar Juma'a da sanarwar ɗaurin aure za su binne darasin kafin azahar. Kowa ya kashe saukar hotuna da bidiyo ta kai-tsaye a saitin wayarsa.

Aiki biyu a mako ya wadatar, Talata da Alhamis: saƙon murya na daƙiƙa 30 zuwa 45 a kan abu takamaimai, kamar ka tambayi farashin buhu uku ka nemi ragi. Mutum 18 sau biyu, kusan rabin awa ne na saurare a mako, ban da gyara. In ka ce kullum, kai ne za ka fara gajiya. Kada ka gyara kowane kuskure, kuma kada ka gyara dattijo a gaban zaure, daga ranar ba za ka sake jin muryarsa ba. Ka zaɓi kuskure ɗaya ka tura masa shi kaɗai, da muryarka kana faɗin daidai, ya maimaita ya dawo maka da shi. Waɗanda suka yawaita a wurin kowa ka tara su ka buɗe ajin Asabar da su ba tare da kiran suna ba.

Don lafazi, a ƙara Faransanci a Gboard, allon rubutun waya na Google, a taɓa makirufo a yi magana a ga abin da zai rubuta. Amma da kalmomi tagwaye za a gwada, ɗaya-ɗaya: port da fort, boire da voir, dessus da dessous. Nan ne p da f, b da v, da wasalin u suke kama Bahaushe. A cikin doguwar jimla na'urar tana cankar kalma daga maƙwabtanta, sai ta rubuta daidai ko da lafazin ya karkace.

Malam Kabiru Fagge

Allah ya saka da alheri, na ɗauki duka. Saura ɗaya: in na ba da aikin rubutu, wasu Google Translate ko ChatGPT suke sa wa ya yi musu. In hana ne?

Malama Hadiza Bichi

Hanin ba zai yi tasiri ba Malam, tun da ba ka tare da su a gida. Ka sauya inda maki yake. Duk wanda ya kawo rubutu, ranar Asabar ya rufe takardar ka yi masa tambaya biyu da baki a kan abin da ya rubuta. Ɗan A1 da ya zo da subjonctif, nahawun da ya fi ƙarfin matakinsa, tsaf kuma ya kasa gaya maka wa ya sayi me, ka san inda aka samo.

Ka kuma nuna musu raunin fassarar a aji da idonsu. Google Translate ya sa Hausa tun 2013, amma tsakanin Hausa da Faransanci sau da yawa ta Turanci yake ratsawa, kuma Turanci ba ya bambanta kai da ke da ku. Ku rubuta jimloli biyar na roƙo da tambaya, ku duba inda ya sa tu na sabo da inda ya sa vous na girmamawa ko jam'i. Wanda ya ce wa jami'in kan iyaka tu ya fara da ƙafar hagu.

Kai ne ya fi dacewa ka mori ChatGPT ɗin. Ka ba shi kalmomi 20 na makon, ka ce ya rubuta hira ta layi goma tsakanin mai saye da mai sayarwa a matakin A1, da kuɗin sefa. Ka karanta da kyau kafin ka ɗauki murya, don yana yawan cusa kalmomin da suka fi ƙarfin matakin, wani lokaci ya manta ya koma yuro. Bayanin nahawu da Hausa kuwa ka rubuta da hannunka, nasa bai kai a miƙa wa ɗalibi ba tare da gyara ba.

Idan akwai masu son takardar shaida daga baya, jarrabawar DELF ta shaidar iya Faransanci kashi huɗu ce, saurare, karatu, rubutu da magana, kowanne maki 25. Ana cin ta da 50 cikin 100, amma wanda ya samu ƙasa da 5 a kashi ɗaya ya faɗi ko da jimillarsa ta haura. Masu wannan niyya ka ƙara musu rubutun hannu na kalmomi 40 a ƙarshen kowane ajin Lahadi, waya a aljihu.