Bob Knight: gwanin koci ne ko mai cin zalin yara?

Auwal Gwale: Jama'a, ni dai a wurina, cikin masu horar da ƙwallon kwando na jami'o'in Amurka ba a yi kamar Bob Knight ba. Sau uku ya ci kofin NCAA, wato hukumar wasannin jami'o'in Amurka, da Jami'ar Indiana: 1976, 1981 da 1987. A 1976 wasa 32 suka buga babu wanda ya doke su, kuma tun daga nan babu ƙungiyar maza da ta sake ɗaukar kofin ba a taɓa ta ba. Wanda yake da ja ya fito.

Sani Maradi: Yaya Auwal, in lissafin kofi ne ai maganar ba ta da nisa. John Wooden goma ya ci da Jami'ar UCLA tsakanin 1964 da 1975. Mike Krzyzewski biyar ya ci da Jami'ar Duke.

Auwal Gwale: Shi Krzyzewski ɗin wa ya rene shi? A hannun Knight ya buga wasa a makarantar sojoji ta West Point. Wooden kuma yana da manyan taurari: yana da Kareem Abdul-Jabbar, yana da Bill Walton. Duba yaran Knight na 1987, su Steve Alford da Keith Smart. Babu wanda ya zama babban tauraro a NBA, gasar ƙwararru ta Amurka, amma suka kayar da Syracuse 74 da 73. Tsari ne ya ci wasan: a yi ta motsi, a tare wa abokin wasa hanya, a miƙa ƙwallo har sai an samu gurbi.

Anti Rabi: Auwal, ba na musun iliminsa. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda kuke tsallake ɗan wasansa Neil Reed kamar ba ɗan mutane ba ne. A 1997, ana cikin atisaye, Knight ya kai hannu ya cafki wuyan yaron nan. Da Reed ya faɗa a 2000, Knight ya ce ba a yi ba, magoya bayan Indiana suka yi ca a kan yaron suna ce masa maƙaryaci. Sai ga faifan bidiyo ya fito, kowa ya ga hannun a wuya. Reed ya rasu a 2012 yana da shekara 36, kuma har yau in an ambaci sunansa wannan shaƙar ake tunawa, ba wasansa ba. Ni uwa ce. Da ɗana ne, kofi uku ba zai sanyaya mini zuciya ba.

Malam Habu: Anti, abin da ya yi wa Reed bai dace ba, ban wanke shi ba. Amma mu faɗi ɗayan ɓangaren. A zamanin da wasu jami'o'i ke sayen 'yan wasa da kuɗi a ɓoye, ba a taɓa kama Indiana ta Knight da babban laifin karya dokar NCAA ba. Yana tilasta wa yaransa shiga aji, mafi yawan waɗanda suka zauna shekara huɗu sun fita da digiri. Da ɗan wasansa Landon Turner ya yi hatsarin mota a 1981 ƙafafunsa suka shanye, Knight ne ya tsaya ya tara masa kuɗin jinya. Da yawanmu a nan mun sha bulalar malamin allo, kuma har gobe muna yi masa addu'a.

Anti Rabi: Malam, bulalar horo daban, fushin da mutum ya kasa riƙewa daban. Wane yaro yake hora lokacin da ya yi wurgi da kujera tsakiyar fili a wasansu da Purdue a 1985? Haushin alƙalin wasa ne kawai. Wa yake hora a Puerto Rico a 1979, da kotu ta same shi da laifin dukan ɗan sanda? Mutumin da yake neman ladabi wurin yara 'yan shekara 19, shi ya fi kowa rashinsa a filin.

Sani Maradi: Kuma a tuna jami'ar ba ta yi gaggawar korarsa ba. A watan Mayu na 2000 shugabanta Myles Brand ya yi masa kashedin ƙarshe. Watan Satumba ya damƙi hannun wani ɗalibi don ya kira shi da sunansa gatsau, sannan aka sallame shi. Laifin jami'ar a ganina shi ne shekarun da ta kawar da kai saboda yana kawo nasara.

Auwal Gwale: To ɗaliban da suka fito zanga-zanga a daren korar fa? Da tsofaffin 'yan wasansa, har da Isiah Thomas, da suka kewaye shi ranar da ya koma filin Indiana a Fabrairun 2020? Su suka zauna da shi, ba mu ba. Yana kocin Amurka ya ci zinaren Olamfik na 1984 da Michael Jordan, ya ajiye aiki a Texas Tech a 2008 da nasara 902. Ya rasu a Nuwamban 2023, a bar shi da darajarsa.

Anti Rabi: Waɗanda suka jure ne suka koma suka rungume shi, Auwal. Waɗanda suka tattara kayansu suka canja jami'a, irin su Reed, ba su cikin hoton nan. Ka ce gwanin dabara ne, zan sa hannu. Amma a 2017, shekara 17 bayan korar, an tambaye shi game da shugabannin da suka sallame shi, ya ce yana fata duk sun mutu, alhali Brand ya riga ya rasu da ciwon daji tun 2009. Wannan ba zan ba shi amanar ɗana ba.

Malam Habu: Wannan maganar ta 2017 kam ba ni da abin kare ta.