Neman shawara: lissafi ya juya mini baya a aji biyu

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aji biyu a sashen lissafi na wata jami'ar tarayya. Injiniyanci na cike a JAMB, aka ba ni lissafi, na karɓa don tun sakandare shi na fi iyawa. Aji ɗaya ya tafi lafiya, na fita da maki 4.1. Wannan zangon kuwa, a gwajin Analisis, kwas ɗin da ake kafa hujjojin lissafi, maki 6 na ci cikin 30. Wallahi ba wasa nake ba, a aji nake kwana. Matsalar ita ce babu abin lissafawa. Sai a ce "ka tabbatar da cewa kaza", ina kallon abin, na san gaskiya ne, amma layin farko ya gagare ni. Na haddace hujjoji biyar, aka kawo ta shida.

Ga kuma Baba. A hutun da ya wuce muna zaune a shagonsa yana duba littafin bashi, ya ɗago ya ce, "Wannan karatu naka, bayan alli da allo akwai wani abu?" Na yi shiru. Kuɗin rajistar bana sai da ya sayar da ragon da yake kiwo. In nemi canjin kwas ne, in sake JAMB, ko in daure?

Wani ɗan aji huɗu: Wa alaikumus salam ƙanena. A nan yawancinmu muka yi tuntuɓe. A aji ɗaya ana ba ka dabara ka yi aiki da ita, a aji biyu ana tambayarka dalilin da ya sa dabarar take aiki. Hadda ba ta kai mutum a nan.

Ga abin da ya buɗe mini kai. An ce jerin 1/n, wato 1, 1/2, 1/3 da sauransu, yana tafiya zuwa sifili. Ka ɗauka gardama kuke yi da wani mai taurin kai. Ya ce, "In da gaske ne, ka sauko ƙasa da 0.001." Ka ce masa daga n = 1001 zuwa sama duk suna ƙasa da haka. Ya ƙanƙanta lambar, ya ce ɗaya cikin miliyan, ka ce to daga miliyan ɗaya da ɗaya. Kowace lamba ya kawo kana da wurin da za ka nuna masa. Lambarsa ita ce ifsilon, wurin da ka nuna shi ne N. Hujjar duka ita ce ka rubuta yadda kake samo N daga kowace ifsilon, shi ke nan.

Saboda haka in aka ba ka tambaya, layin farko shi ne ma'anar kalmomin da ke cikinta, ka rubuta ta yadda take. A ƙasan takarda ka rubuta inda ake so ka isa, sannan ka nemi hanya tsakani. Kuma ka samu mutum biyu ku riƙa hawa allo, ɗaya yana bayani, biyu suna tsare shi da "don me?" a kowane layi. Hujja ɗaya a rana ta wadatar.

Wata malamar sakandare: Ɗana, ni koyarwar nake yi shekara goma sha ɗaya, kuma ban taɓa jin kunyarta ba, duk da albashin sai haƙuri. Amma ka faɗa wa Baba ba ita kaɗai ce ƙofa ba. Bankuna, kamfanonin inshora da masu nazarin bayanai duk suna ɗaukar 'yan lissafi, sai dai suna so ka iya kwamfuta. Ka fara koyon Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, tun yanzu, ka riƙe kwasa-kwasan ƙididdiga da kyau. Akwai kuma cibiyar nazarin lissafi ta Afirka, AIMS, da aka kafa a Afirka ta Kudu a 2003, tana da rassa a Ghana, Sanagal, Kamaru da Ruwanda, suna ɗaukar nauyin digiri na biyu. Ka tsare makinka kada ya sauka ƙasa da 3.5.

Wani ɗan'uwa: Ni dai ra'ayina daban. In har yanzu zuciyarka tana kan injiniyanci, kada ka bari sai aji uku. Ka je wurin malamin da ke kula da ajinku ka ji ƙa'idar canjin kwas, domin kowace jami'a da tata, kuma mai yiwuwa a maida kai baya da shekara. Amma kada ka ajiye gurbin da kake da shi kafin ka samu wani.

Wani dattijo: Yaro, in ka koma gida ka ba mahaifinka labarin Farfesa Iya Abubakar, mutumin Adamawa. Lissafi ya karanta har digiri na uku a Jami'ar Kambirij ta Ingila, kuma ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978. Tun kafinsa akwai Malam Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya yi rubutu kan lissafin hatimi, ya rasu a Alƙahira a 1741. Sannan ka karɓi littafin bashin nan ka tsara masa shi, ya ga amfanin karatunka da idonsa. Allah ya yi maka albarka.

Mai tambaya: Amin Baba, na gode muku duka. Yaya, na gwada da 1/n², na ga in N ta wuce ɗaya bisa saiwar ifsilon (lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka ifsilon) abin yana fita. Wannan ce hujjar farko da na rubuta ba tare da na leƙa littafi ba. Saura mako biyar jarrabawa, zan bari in ga sakamako kafin maganar canji. Gobe bayan la'asar ni da abokaina biyu za mu fara hawa allo.