Kayan banɗaki na gidan haya: abin da masu gidaje da masu aikin famfo suka ce

Da aka zauna kan wannan magana, kusan kowa ya yarda cewa bahon wanka a gidan haya asarar kuɗi ce. Yawancin 'yan haya da bokiti suke wanka, bahon sai ya koma wurin jiƙa kaya, in kuma na roba ne ya tsage. Gara a sa tayil mara santsi, a karkata daɓen sosai zuwa magudana, a kafa shawa.

Kan famfo ne aka fi daɗewa a kansa. Masu aikin famfo sun ce a ɗaga shi a hannu tun a kasuwa, ko Ƙofar Ruwa ta Kano ce ko wani wuri: na tagulla yana da nauyi, mai sheƙi mara nauyi kuwa fenti ne a kan ƙarfe mai saurin ruɓewa, ruwan burtsatse yana cinye shi. Ni ma nan na tsaya. Kuma a sayi nau'in da robarsa da ƙwayar cikinsa suke ko'ina, na rabin inci, don kada ƙaramin gyara ya sa a fasa bango.

An yi saɓani kan shawar hannu. Wasu sun ce tiyonta ne ke fara yoyo, don haka kada a sa ta. Babban kan shawa kuma ba ya zubar da ruwa da kyau idan tankin bai yi tsayi ba.

Kowane banɗaki a sa masa nasa makullin ruwa, domin a iya gyara ɗaya ba tare da an yanke wa gidan duka ruwa ba.