Shin ana amfani da tetirasaikilin a tiyatar sauya gaɓa?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum. An sauya wa mahaifina gwiwa, daga baya ƙwayoyin cuta suka kama wurin, yanzu kuma likita ya ɗora shi a kan doksisaikilin, ya ce zai daɗe yana sha. Na ji cewa maganin dangin tetirasaikilin ne. Me ya sa ba a ba shi tun ranar tiyata ba, idan har yana iya tare cutar?

Ma'aikacin Ɗakin Tiyata:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Rigakafin ranar tiyata aiki ne na daban. Abin da aka saba bayarwa shi ne allurar sefazolin ta jijiya cikin minti 60 kafin a tsaga fata, ko bankomaisin ga wanda jikinsa ba ya karɓar na farkon. Ana son maganin da zai kashe ƙwayoyin nan take, alhali dangin tetirasaikilin hana su hayayyafa kawai suke yi, su bar wa garkuwar jiki sauran aikin. Ko a simintin da ake kafa gaɓar da shi, wanda likitoci Buchholz da Engelbrecht suka fara haɗawa da magani a Jamus a 1970, jentamaisin aka fi sawa, domin simintin yana ɗaukar zafi yayin da yake daskarewa, kuma ba kowane magani ne yake jure hakan ba.

Mai Harhaɗa Magunguna:
Ɗan'uwa, inda doksisaikilin da ɗan'uwansa minosaikilin suke da amfani shi ne irin halin da Baba yake ciki. Ƙwayoyin cuta, musamman nau'in sitafilokokus, sukan manne wa ƙarfen gaɓar da aka sa su lulluɓe kansu da wani yauƙi da magani ba ya ratsawa sosai, shi ya sa warkewa ta gaskiya takan buƙaci a wanke wurin ko a cire gaɓar a sa wata. Idan shekaru ko ciwon zuciya sun hana a sake tiyata, sai a danne cutar da ƙwaya na tsawon watanni ko shekaru, kuma ƙa'idojin ƙungiyar likitocin cututtuka masu yaɗuwa ta Amurka na 2013 sun lissafa waɗannan magunguna biyu, miligiram 100 sau biyu a rana, cikin abin da ake zaɓa. A ganina nan ne iyalai suke yin kuskure: ciwo ya lafa, sai a ajiye magani ba da sanin likita ba, cutar kuwa tana nan kwance.

A riƙa ba shi da ruwa cike da kofi, kada ya kwanta nan da nan, domin ƙwayar tana iya ƙona maƙoshi idan ta maƙale. A raba lokacinta da na madara, ƙwayar ƙarin jini da maganin ƙwannafi, saboda suna hana ta shiga jini. Idan yana shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, lallai a sanar da likita.

Ma'aikacin Ɗakin Tiyata:
Ƙari ɗaya: magungunan nan suna kama sinadarin kalsiyam su zauna a ƙashi. Wanda ya daɗe yana shan minosaikilin, wani lokaci akan buɗe shi a tiyata a tarar da ƙashin ya yi shuɗi-baƙi, abin da kan firgita wanda bai taɓa gani ba. Don haka duk wanda za a sake yi wa aiki ya gaya wa likitan tiyata tarihin maganinsa tun kafin a shiga da shi.